Antibodin TLR4: abin da na gani bayan wata huɗu ina aiki da shi a Legas

Kwalbar antibodin ba ta kai ɗan yatsana tsawo ba, amma kuɗinta ya cinye kaso mai tsoka na tallafin bincikena. Ranar da ta iso, daga Agege na taso tun asuba don kada ta kwana a hannun dillali. Ina buɗe akwatin na fara taɓa jakunkunan ƙanƙarar da aka jera a gefe. Sun narke, amma da sauran sanyi. Sai a lokacin hankalina ya kwanta.

Aikina a kan fararen ƙwayoyin jini ne, musamman waɗanda ake kira monosait. A bayan kowace ƙwaya akwai wasu sunadarai masu aikin maigadi, su ne ke fara shaida baƙo idan cuta ta shigo jiki. Ana kiran danginsu TLR, kuma ɗan Adam yana da guda 10. Wanda nake bi shi ne TLR4, mai gane LPS, wani sinadari da ke jikin bangon bakteriya irin ta taifot. Bruce Beutler ne ya tabbatar da haka a 1998, bayan Jules Hoffmann ya nuna a 1996 cewa ƙudan 'ya'yan itace da ya rasa irin wannan maigadi, naman gwari ke cinye shi. Aikin ne ya kai su ga kyautar Nobel a 2011. Ido ba ya ganin TLR4, sai an aika masa antibodi, wato sunadarin da ke kama abu ɗaya takamaimai, da zai manne masa ya tona inda yake.

Iri biyu na saya. Na farko shi ne HTA125, wanda aka samo daga ɓera, an ɗaura masa launin PE mai ƙyalli a ƙarƙashin hasken leza, don injin ƙirga ƙwayoyi. Na biyu na zomo ne, don gwajin westan bulot, inda ake raba sunadarai bisa nauyinsu, wanda antibodi ya kama ya fito a matsayin layi.

Makon farko da HTA125 na kusa yanke ƙauna. Duk ƙwayoyin sun haska, har da na bututun gwaji da na sa wa antibodin da bai kamata ya kama komai ba. Wani dattijon ma'aikacin ɗakin bincikenmu, mutumin Zariya da ya shekara da shekaru a Idi-Araba, ya tsaya a bayana ya daɗe yana duban allon kwamfuta. Ya ce, "Yarinya, kin toshe Fc kuwa?" Na ce, "A'a Baba, na ɗauka wankewa ta isa." Ya girgiza kai. Monosait tana da wasu hannaye da ke cafke wutsiyar antibodi, wato Fc, ko da ba nata ba ne, kuma irin na ɓera da ake kira IgG2a, wanda HTA125 yake ciki, shi suka fi so. Washegari na toshe su na minti 10 kafin in zuba, sai hoto ya fito fes: tudun ƙwayoyin da aka rina ya matsa dama, ya rabu da na gwaji.

Matsawar ba ta da yawa, kuma ina so duk mai niyyar saye ya san haka tun yanzu. TLR4 kaɗan ne a bayan monosait, ba kamar CD14 ba, wani sunadari mai yawa a bayanta, da ke haskawa kamar fitilar mota. Wanda ya saba da CD14 zai zaci kaya sun lalace. Abin da ya sa na amince da HTA125 shi ne ranar da na zuba wa ƙwayoyin LPS na bar su a ɗumi. Hasken ya ragu, kamar yadda ya kamata, domin idan TLR4 ya kama abin da yake nema, ƙwayar kan janye shi ciki. Na maimaita da jinin mutum uku da suka ba da izini, sakamakon bai sauya ba. Ranar har sallar la'asar na kusa makara saboda murna.

Na zomon kuwa bai yi mini ba. A lissafi nauyin TLR4 wajen kilodalton 95 ne (ma'aunin nauyin sunadari ke nan), yakan fito sama da haka saboda sukarin da ke manne da shi. Ni layuka biyar na samu. Na gwada shi a kan ƙwayoyin HEK293, waɗanda aka san kusan ba su da TLR4, layukan nan suka sake fitowa. Na sauya yawan ruwan sirki, na sauya madarar toshewa, duk a banza. Da na rubuta wa kamfanin, sun amsa cikin ladabi, suka nemi hotuna, suka ce za su musanya. Amma musanya a Legas na nufin sabon jira na makonni da sabon kuɗin fito da kaya, ga dala a lokacin kullum tana hawa. Na haƙura da shi.

Maganar ajiya ita ce ta fi tsaya mini a rai. Takardar HTA125 ta ce a ajiye tsakanin digiri 2 da 8, a kare shi daga haske, kada a daskarar, domin ƙanƙara na kashe PE. Wanda ya rubuta bai san firijin da ake ɗauke wa wuta sau uku a yini ba. Na naɗe kwalbar da takardar alminiyam, na sa ta a tsakiyar firiji nesa da bangon baya inda ruwa ke daskarewa, na kewaye ta da gorunan ruwan sanyi don su riƙe ta kafin a tada janareta. Wata huɗu ke nan, hasken bai dusashe ba.

Na kuma gano cewa ba dole ne in zuba yawan da kamfani ya rubuta ba. Na gwada rabinsa, ya raba ƙwayoyin daidai, kwalbar ta ninka mini kwana.

Wata ƙanwa da ke shirin fara aiki a kan zazzaɓin cizon sauro ta tambaye ni ko ta saya. Na ce ta sayi HTA125, ta haɗa da antibodin gwaji da maganin toshe Fc a oda ɗaya, kuma ta nemi dillali ya faɗa mata ranar da kaya za su sauka, kada ta yarda su iso ranar Juma'a da yamma.