Day.js: sauƙin nauyi da abin da ke biye da shi

Tun da masu kula da Moment.js, wani labure (tarin umarni da aka riga aka rubuta) na sarrafa kwanan wata, suka sanar a watan Satumba na 2020 cewa sun daina ƙara masa sababbin abubuwa, masu rubuta manhaja da harshen JavaScript suke neman laburaren sarrafa kwanan wata da zai maye gurbinsa. Day.js, wanda ya fito a 2018, yana cikin waɗanda aka fi komawa gare su, domin nauyinsa bai wuce kimanin kilobayit 2 ba idan an matse shi, kuma umarninsa sun yi kama da na Moment.js ƙwarai, har wanda ya saba da wancan ba ya shan wahalar sauyawa.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba ya taɓa asalin ranar da aka ba shi. A Moment.js, idan aka ƙara kwana bakwai a kan wata rana, ranar ta farko ce take canzawa, kuma kurakurai da dama daga nan suke ɓullowa. Day.js sabuwar rana yake dawowa da ita. Lissafinsa ma yana da hankali: idan aka ƙara wata ɗaya a kan 31 ga Janairu na 2024, zai ba da 29 ga Fabrairu. Sai dai ya gaji ɗabi'ar JavaScript ta ƙirga watanni daga sifili, alhali Luxon, wani laburaren kwanan wata na daban, daga 1 yake farawa.

Amma sauƙin nan ba kyauta ba ne, saboda an cire ayyuka da yawa an mayar da su ƙananan ɓangarori da ake jonawa daban. Wanda ya ba Day.js 10/03/2024 tare da tsarin rana, wata, shekara, ba tare da ya jona customParseFormat, ɓangaren da yake karanta irin wannan tsarin, ba, ba zai ga wani gargaɗi ba. Laburaren zai yi watsi da tsarin, ya miƙa ranar ga burauza, wato manhajar buɗe shafukan intanet, ita kuwa sau da yawa 3 ga Oktoba take fahimta maimakon 10 ga Maris. Wannan shirun shi ne babban aibinsa a wurina. Ɓangaren timezone kuma, mai sauya lokaci tsakanin yankunan duniya, yana buƙatar a jona wani ɓangaren mai suna utc, yana dogara da Intl, kayan aikin burauza na tsara rana da lokaci bisa yanki, kuma yana jan ƙafa idan ranakun da ake sauyawa sun kai dubbai.

Wajen rarrabawa, lasisinsa na MIT ne, don haka ana iya haɗa shi cikin manhajar kasuwanci muddin an bar sanarwar haƙƙin mallaka. Wanda yake wallafa nasa laburaren a npm, rumbun da ake raba laburaren JavaScript, ya dace ya saka Day.js a peerDependencies, wato jerin abubuwan da ake barin mai manhajar ya samar da kansa, domin idan kwafi biyu suka shiga manhaja ɗaya, ɓangaren da aka jona wa ɗaya ba zai yi aiki a ɗayan ba. Ga shafin da aikinsa nuna rana da lokaci ne, ina ba da shawarar Day.js, manhajar tsara tafiye-tafiye tsakanin ƙasashe kuwa, Luxon ya fi dacewa da ita.