Kokrobite ko Prampram: Amsa Ga Mai Son Barin Nima

Wani ɗan'uwa a zauren nan ya ce cunkoson unguwar Nima ya ishe shi, yana so ya koma bakin teku amma ya ci gaba da zuwa aiki Ankara (wato Accra, babban birnin Ghana), to Kokrobite zai zaɓa ko Prampram?

Malam, fara duba inda wurin aikinka yake. Kokrobite na yamma, kimanin kilomita 30 daga Ankara, ana hawa trotro (ƙaramar bas ta haya) daga Kaneshie a bi hanyar Kasoa a ratse ta mararrabar Old Barrier. Prampram na gabas, ta fi nisa, sai ka wuce Tema ka karya a Dawhenya. Mai aiki a Tema ko Ashaiman ko tashar jirgin ruwa, Prampram ce tasa. Mai shago a Kaneshie ko Abossey Okai kada ma ya fara tunanin Prampram.

Kusancin Kokrobite kuwa a taswira ne kawai. Daga Old Barrier zuwa mahaɗar Mallam, in ba ka fita da zarar an sallame asuba ba, ka shiga uku. Da damina ruwa yakan kwaso yashi daga tuddai ya zube shi kan titi, motoci su yi cirko-cirko. Sannan in aka buɗe madatsar Weija, unguwannin da ke gangare irin su Tetegu sukan sha ruwa. Ɓangaren Prampram ma akwai nasa cunkoson, tsakanin Kpone Barrier da Dawhenya.

Batun shiru, Prampram ta yi gaba. Kokrobite garin masunta ne, amma 'yan yawon shaƙatawa sun san shi, ƙarshen mako kiɗa ne a bakin ruwa har dare ya raba. Mai iyali ya nemi ɗaki can ciki. Sai dai Kokrobite na kusa da Kasoa, wadda sunanta ma daga “kasuwa” ya fito, ga zango ga mahauta ga makarantun allo. Daga Prampram, babban zango sai Ashaiman. Duka biyun, ranar Talata masunta ba sa fita, kada Hajiya ta sa ran ɗanyen kifi.

Abin da ba ya bambanta su shi ne iskar gishiri. Kwanon rufi na ƙarfe, ƙyauren gida, injin sanyaya ɗaki, duk tsatsa na cinye su, shi ya sa ake rufi da alminiyam. In gini za ka yi, kada birkila ya taɓa yashin teku, kuma kankare ya rufe rodi da kamar inci 2, in ba haka ba rodin ya kumbura ya tsaga ginshiƙi. Rijiyar burtsatse kusa da gaɓa takan ba da ruwan zartsi, don haka ka tanadi babban tanki.

Fili kuma, ko wane ne ya nuna maka, je ka Hukumar Filaye a yi bincike kafin sidi ɗaya ya fita daga aljihunka, don ana sayar wa mutum biyu fili ɗaya a ɓangarorin biyu. Gara ka kama haya ka ga damina guda tukuna.