Kateter Certofix Trio V720 a jijiyar ƙarƙashin ƙashin wuya: abin da kwalin ke bayarwa da abin da ba ya bayarwa

Ga masu aiki a sashen reyanimasiyo (sashen kula da masu tsananin ciwo) a Maradi, wannan kateter na kamfanin B. Braun, wato siririn bututun da ake sawa cikin babbar jijiya don ba da ruwa da magani, kaya ne mai kyau, amma tsawonsa na bukatar lura. Kauri 7 Fr (ma'aunin kaurin bututu), tsawo santimita 20, hanyoyi uku a cikinsa: ɗaya mai faɗin 16G, biyu 18G. A kwalin akwai allura, waya mai lanƙwasasshen kai, abin buɗa hanya da maƙallin ɗinki. Da dabarar Seldinger ta 1953 ake sa shi: a soka allura, a zura waya ta cikinta, a zare allurar, sannan kateter ya bi wayar.

Allurar ce ta fi komai. Tana da ƙofa a gefe, wayar na shiga ta nan sirinji na manne. A wannan jijiya hakan babban abu ne, domin cire sirinji shi ne lokacin da bakin allura ke gocewa, ko iska ta kutsa idan majinyaci ya ja numfashi. Wanda jininsa ya yi ƙasa, jijiyar hannu duk ta ɓace, shi ya fi cin moriyar wannan.

Sauran kuwa aikin hannu ne. A sunkuyar da kan gado digiri 10 zuwa 15, a wanke fata, a kashe wurin da lidokayin 1%. A soka kamar santimita 1 ƙasa da ƙashin, inda kashi ɗaya cikin uku na ciki ya haɗu da na tsakiya, allura a kwance, ana nufar ramin maƙogwaro, ana jan sirinji ba fashi. Da zarar an ɗaga gindin allura, bakinta huhu ya dosa. Binciken da aka yi a Faransa aka wallafa a 2015 ya nuna wannan hanya ta fi ta jijiyar wuya da ta cinya ƙarancin ƙwayoyin cuta da daskarewar jini, amma hujewar huhu ta kai 1.5%, ta wuya kuma 0.5%. In an soka sau uku ba a samu ba a dakata, kada a koma ɗaya ɓangaren sai an ga radiyon (hoton) ƙirji.

Waya ta tuƙe? Kada a janyo ta cikin allura, tana iya yankewa. A zare su tare.

Santimita 20 ya yi wa ɓangaren dama yawa. Babban mutum 14 zuwa 15 kan ishe shi, hagu 16 zuwa 18. Wanda ya tura duka, bakin kateter zai faɗa cikin zuciya, bugu ya rikice. Mai sayo wa asibiti kaya ya haɗa da na santimita 15. Ana iya duba zurfin da na'urar bugun zuciya, amma sai da mahaɗin Certodyn, wanda daban ake sayensa.

Lokacin zafin Afrilu da Mayu gumi na ɗaye filasta. A nan filasta ta fi zama a ƙirji fiye da a wuyan mutum. Duk da haka a duba kullum, a canza da ta jiƙe.

Mutum biyu kada a sa musu ta nan, kowane irin kateter ne. Mai jinin da ba ya daskarewa, domin jijiya mai harbawa na bayan ƙashi, in an huda ta ba ta dannuwa. Sai mai ciwon ƙoda da zai bukaci wankin jini: jijiyar kan tsuke, hannun ya lalace ga fistula, wato haɗin jijiyoyin da ake yi a hannu don wankin jini.