Shagon buga bana na Sabon Gari da yadda suka juya min kabarin Dariyus

Tun ranar Asabar nake son rubuta wannan abun amma na bari sai da zuciyata ta sauka tukuna, don da a ranar na rubuta wallahi da ban yi ma mutanen nan adalci ba. Shago ne na buga bana da fosta da katin biki a Sabon Garin Zariya, sunansa dai ku bar ni da shi.

Ina koyar da tarihi ne a wata sakandare mai zaman kanta a Tudun Wada, muna da ƴar ƙungiyar ɗalibai da muke zama duk Alhamis bayan an tashi. Wannan zangon mun gama Masar mun shiga Farisa, sai na ce bari in yi musu abun da za su gani da idonsu, don yaran yanzu in ka tsaya kana ta zuba a gaban allo, minti goma ya isa ka ga an fara hamma. Shine na ce a buga min kabarin sarki Dariyus na farko a bana ƙafa shida da ƙafa huɗu, sama hoton dutsen, ƙasa kuma kwafin rubutun da ke jiki layi-layi yadda kowane harafi zai fito.

Ga wanda bai san wajen ba, sunansa Naƙshi Rustam, yana lardin Fars a Iran, kusa da kufan Farsifolis tsohon birnin sarakunan Farisa, ba nisa da Shiraz. Kaburbura huɗu ne aka sassaƙa a jikin wani tafkeken dutse, can sama yadda ba mai kaiwa sai da tsani ko igiya, kuma a cikin huɗun ɗaya ne kawai rubutu ya faɗi mai shi, wato na Dariyus da ya yi mulki daga 522 zuwa 486 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Sauran ukun masana ne suka jingina su ga Zaksis da Artazaksis na farko da Dariyus na biyu. Sunan Rustam ɗin ma mutanen baya ne suka laƙaba, sun ga zanen mahaya a ƙasan dutsen suka ɗauka jarumin labaransu ne, alhali na sarakunan Sasaniyawa ne da suka zo ɗaruruwan shekaru daga baya.

To mu koma shago. Gaskiya tarba dai an yi min, mai wajen dattijo ne mai fara'a, ya sa aka kawo min benci da fiya wata, muka yi ciniki ba wani ja-in-ja, ya ce dubu ashirin na ce Alhaji aikin yara ne daga aljihuna zan biya, ya ce to kawo sha shida Allah ya ba da lada. Suna da janareto kuma da gaske suna tada shi, ina zaune aka ɗauke wuta ko minti biyu ba a yi ba injin ya ci gaba da aiki, wanda ya taɓa kai aiki wasu wuraren ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Na miƙa ma yaron da ke kan kwamfuta filashi, ya buɗe ya ƙura ma hoton ido ya ce Malam wannan wace ƙasa ce, na ce Iran. Sai ya ɗan rage murya ya ce na ƴan Shi'a ne kenan? Na yi dariya na ce ƙanena mutumin nan ya mutu fiye da shekara dubu kafin a haifi Manzon Allah (SAW), wuta ce ma a gabansa a hoton. Ashe wannan kalmar Iran ɗin da na faɗa ita ce za ta ja min.

Sun ce Juma'a da yamma, na je Asabar da safe na tarar an gama an naɗe. Ban buɗe a shagon ba, wannan kam laifina ne, na ɗora a acaɓa sai gida. Ina warwarewa a tsakar gida na ga kala ta fito tas, launin dutsen nan ruwan ƙasa-ƙasa kamar ka taɓa, hoton bai fashe ba duk da girman, ledar ma mai kauri ce ba irin wadda rana ɗaya take cinyewa ba. Har na fara cewa madalla sai idona ya sauka kan sarkin. A asali Dariyus yana tsaye ne ta hagu a kan dakali mai hawa uku, baka a hannunsa, yana fuskantar dama inda wutar take, ga wata siffa mai fukafukai a samansu. A banata yana ta dama yana kallon hagu. Na duba rubutun, shi ma haka. Rubutun nasu irin mai kama da ƙusa ne, kowace ƙusar da ke kwance kanta na hagu wutsiyarta na dama, nawa kuwa duk kawunan sun koma dama. An juya komai kamar a madubi.

Wannan bai ma ƙona min rai kamar na biyun ba. A ƙarƙashin sarkin akwai mutane da suka ɗaga gadon da yake kai, sahu biyu, sha huɗu sama sha huɗu ƙasa, da wasu biyu a gefe, talatin kenan, kowa da shigar ƙasarsu. Yaron nan don rubutu ya samu fili sai ya datse sahun ƙasa gaba ɗaya. To a sahun ƙasan nan ne Balarabe yake, da Bamisre, da mutumin Libiya, da mutumin Kush wato yankin Sudan ta yanzu, su ne fa dalilin da ya sa na kashe kuɗina, ina son yara su ga cewa ƴan Afirka na jikin dutsen nan. Kuma shi kansa rubutun cewa ya yi in kana son sanin ƙasashe nawa Dariyus ya riƙe to dubi masu ɗauke da gadon, nan za ka gane mashin Bafarishe ya yi nisa. Ya za a yi in karanta ma yara wannan layin su ɗaga kai su tarar rabin mutanen babu?

Na koma da zafina. Na ce ƙanena wa ya sa ka? Amsar da ya ba ni ita ta kashe min jiki, wai ya lura layin ƙarshe na kwafin guntu ne kuma ta hagu ya fara, shi kuma ya san mutanen Iran da baƙaƙen Larabci suke rubutu daga dama, sai ya ɗauka a juye na sauko da hoton daga intanet, shine ya gyara min. Kun ga yaro ne mai kai, lissafinsa ya hau in da Farisancin yau ne, sai dai wancan tsohon rubutun daga hagu ake karanta shi kamar boko, alamomin sauti 36 ne da wata ƙusa a karkace da ke raba kalma da kalma, kuma Larabci bai shigo musu ba sai bayan zuwan Musulunci. Abun da na ce masa kawai shi ne lambata na jikin rasit, kiran naira nawa ne? Ya sunkuyar da kai ya ce a yi haƙuri Malam.

Alhaji da farko ya so ya kare, yana cewa ai Malam ba wanda zai iya karantawa a Zariya kaf, ko a juye ko a miƙe duk sawun kaza ne. Na ce Alhaji da hoton ɗan takara ne aka sa masa hula a ƙasa za ka ce haka? Ya yi dariya har da buga cinya, ya ce a sake. Amma ba kyauta ba, ya ce in biya kuɗin leda dubu shida shi ya ɗauki tawada da aiki. Raina bai so ba don kuskuren ba nawa ba ne, sai dai na tuna ni ma ban nemi a nuna min a kwamfuta kafin a buga ba, na biya. Wannan karon na zauna kusa da yaron har aka gama jerawa, muka ƙirga mutanen nan tare ɗaya bayan ɗaya har talatin, shi da kansa ya gano mai doguwar hula mai tsini ya ce wannan fa, na ce Saka ake ce musu, makiyaya ne mahaya doki.

Ranar Alhamis da aka rataye ta a aji kuɗina ya fita. Na fassara musu farkon rubutun, inda ya fara da yabon Ahuramazda abun bautarsu, sannan ya ce ni ne Dariyus babban sarki, sarkin sarakuna, sarkin ƙasashe masu mutane iri-iri, ɗan Wishtasfa, Bafarishe ɗan Bafarishe. Wata yarinya ta ce Malam ai wannan kirari ne, bai da maroƙa ne da zai yi ma kansa? Ajin ya kwashe da dariya, ni kuwa na ji daɗi don ta gano abun, duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fada ranar hawan Sallah ya san wannan salon. Na gaya musu da harshe uku aka rubuta, tsohon Farisanci da na Ilam da na Babila. Amma wanda ya fi kama su shi ne rubutu na biyu da ke wajen ƙofar kabarin, inda yake cewa ba ya son mai ƙarfi ya zalunci mai rauni kuma ba ya son mai rauni ya cuci mai ƙarfi, in mutum ya kawo ƙarar wani ba ya gaskatawa sai ya ji ta bakin duka biyun, kuma in ransa ya ɓaci yana danne fushinsa da hankali, daga nan ya zarce da cewa shi gwani ne a doki gwani ne a baka da mashi. Wani yaro ya ce to Malam da gaske haka yake? Na ce ai shi da kansa ne ya sa aka sassaƙa, kuma ɗansa Zaksis ya kwafe kusan kalma da kalma ya sa sunansa, sai ku yi tunani. Mun kwashe kusan rabin awa ana musu a kan wannan, har mai gadi ya leƙo yana karkaɗa makullai.

Shagon dai zan koma, kala da leda da cika lokaci ban da ta cewa, kuma dattijon ba mai taurin kai ba ne in ka iya magana da shi. Amma in aikinka ba na biki ko na siyasa da suka saba ba ne, kar ka bar filashi ka tafi, ka sa a turo maka ta WhatsApp ka gani kafin injin ya taɓa leda, kuma ka warware a gabansu. Ramukan ɗaure igiya ma huɗu kawai suka sa a bana mai wannan girman, tsakiyar tana lanƙwasawa sai da na ƙara da ƙusa.

Ta farkon kuwa mai gadin makarantarmu ya roƙa na ba shi, yanzu ita ce rufin rumfar da yake ajiye masararsa, in ka shigo ta ƙofar baya za ka hangi Dariyus a sama yana kallon hagu.