Ciyawar Super Napier da na saya a Dadin Kowa, ga yadda na same ta

Salam jama'a masu kiwo. Ana ta tambayata wai ciyawar nan Super Napier da ake ta talla a Facebook da gaske ne ko dai zuzutawa ce ta masu sayarwa, toh ni dai na saya na dasa na yanka na ba shanuna, kuma amsata ita ce ciyawar gaskiya ce amma ta mai ruwa ce. Wanda ba shi da hanyar ban ruwa a rani dan Allah ya karanta har ƙarshe kafin ya tura wa kowa kuɗi.

A wajen wani matashi na saya, yana da fili can ƙasan dam ɗin Dadin Kowa a jihar Gombe inda ake noman rani. Ba iri ake sayarwa ba, kara ne ake yankawa gunduwa-gunduwa kowanne da gaɓa biyu ko uku, yadda ake dashen rake. Asalinta daga ƙasar Tailan take, sunanta na can Pakchong 1, masu bincike ne suka haɗa ciyawar Napier, wata doguwar ciyawar kiwo, da gero suka fitar da ita, shi ya sa in ka ga ganyen daga nesa sai ka rantse gero ne ya samu taki. Da kara ake yaɗa ta, don haka duk wanda ya nuna maka wasu ƙwayoyi a leda ya ce irin Super Napier ne, ka riƙe kuɗinka.

Ta fannin aiki yaron ya yi ƙoƙari, ba zan ci haƙƙinsa ba. Da kansa ya zo gonar ya tuɓe takalmi ya shiga kunya ya nuna wa yarana yadda ake yi, a karkace ake soka karan, gaɓa biyu a cikin ƙasa ɗaya a waje, idon tsiron yana kallon sama, a bar kusan mita guda tsakanin layi da layi saboda gindin yana buɗewa sosai. Ya ce min "Alhaji kar ka ga fili ya yi maka yawa ka cusa, nan da yanka biyu ba za ka samu wurin taka ƙafa ba", kuma haka aka yi wallahi. Inda ya ɓata min rai wurin aiko kaya ne, bayan na biya sai waya ta daina shiga, da kayan suka zo ta tasha an ɗaure su a buhu sun sha rana a saman mota, bakin wasu ya bushe ya yi fari, waɗannan ko ɗaya bai tsiro ba. Na yi masa magana ya ƙaro min wasu bai karɓi ko sisi ba, amma an riga an yi asarar lokaci. Sannan maganar da ya yi min tun farko cewa ciyawar ba ta son wahala, ko a tudu za ta yi, wannan ba gaskiya ba ce kuma na faɗa masa a gaban idonsa.

Yankan farko sai da ta kai kusan wata uku, daga nan kuma duk bayan kwana 45 zuwa 60 ake yanka, a sare ta ƙasa-ƙasa kusa da gindi don tohon ya fito daga ƙasa da ƙarfi. A damina kam abin sai wanda ya gani, ta wuce tsayin mutum, kara ɗaya da ka soka ya zama gindi mai 'ya'ya rututu. Amma nan ne mutane ke ruɗuwa, suna barinta ta yi tsawo don a ɗauki hoto, alhali da zarar ta tsufa karan ya yi tauri, saniya za ta tsince ganyen ta bar maka sanduna a komi, kuma sinadarin gina jikin da ake cewa yana kai kashi 16 zuwa 18 cikin ɗari a ɗanyar matashiya ce wadda ta ƙoshi da taki, tsohuwa ba ta kusa da haka. Ganyenta ba shi da ƙaiƙayi sosai irin na Napier ta asali, yaran da ke yankan sun ji daɗin wannan.

Rani ne ya nuna min halinta. Ɓangaren da ruwan injin ban ruwa ke kaiwa ya ci gaba da toho, duk da cewa a tsakiyar hunturu, Disamba da Janairu, girman ya ja baya ko da ana ba ta ruwa, sai da zafi ya fara shigowa ta farfaɗo. Ɓangaren tudu da ruwa bai cika isa ba kuwa ganye ya naɗe ya yi ja, gara ta shiga gindin ta cinye wasu, kuma kuɗin man injin a watan Maris da Afrilu ba ƙaramin abu ba ne, wannan lissafin babu mai talla da zai yi maka shi. Ga cin taki, duk yanka sai ka mayar mata da kashin shanu ko ɗan yuriya in ba haka ba yanka na gaba za ka ga ganyen ya yi rawaya ya sirance. Shinge ma dole ne, awakin unguwa in suka gano ta shikenan, kuma ko naka shanun ba a sakinsu a ciki su yi kiwo, tattakewa za su yi, yankowa ake a kai musu turke.

Shanuna Bunaji ne sai saniya ɗaya ruwa biyu da Friesian, wato shanun Turai masu yawan nono. Da na fara ba su ɗanya shar daga gona kashinsu ya yi ruwa, wani dattijo Bafulatani da ke taimaka min da tatsa ya ce "Alhaji ka bar ta ta sha iska tukun", muka koma yanka da safe a baza a inuwa a ba su da yamma, abin ya daidaita. Nono ya ƙaru musamman wurin ruwa biyun, Bunajin kuma abin da na fi gani shi ne ba su zube a bazara ba yadda suka saba, haƙarƙari bai fito ba. Amma ban daina harawar wake da dusa da ɗan ƙulin auduga da kanwa ba, ciyawar ita kaɗai ba ta ƙosar da saniya mai tatsa, kuma masu cewa za ta ƙiba maka sa cikin wata ɗaya ba tare da komai ba su ji tsoron Allah.

Wani abu da ke damuna, na ga masu cewa tunda sun koma ciyawar gida sun huta da likitan dabbobi. A'a. In filinka fadama ne mai kwantar da ruwa akwai ƙananan katantanwa da ke ɗauke da tsutsar hanta, 'ya'yan tsutsar suna manne wa ciyawa, kai da hannunka za ka yanko ka kai wa saniyarka, don haka maganin hanta da na tsutsar ciki yana nan a kan lokacinsa. Rigakafin ciwon huhu da harbin daji, irin wanda cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a jihar Filato ke haɗawa, shi ma babu ciyawar da ke maye gurbinsa, haka wankin kaska.

'Yan uwanmu na wajen Dukku da Nafada da ba su kusa da ruwa, ni shawarata ku fi ba waken lablab ƙarfi, a shuka da damina a yanka a busar a adana kamar harawa, yana da gina jiki kuma yana gyara ƙasa, cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI da ke Shika kusa da Zariya ta daɗe tana aiki a kansa da sauran ciyayin kiwo. Gambarmu ta gida ma kar a raina ta, tana jure fari yadda Napier ba za ta taɓa iyawa ba.

Wanda ke da ruwa kuma ya yi niyya, ya je gonar mai sayarwan da ƙafarsa a yanka a gabansa, ya zaɓi kara da ya nuna mai ido lafiyayye, ya dasa a ranar ko washegari, kuma ya fara da ɗan fili kaɗan tunda daga nan zai riƙa samun nasa dashen ba sai ya sake saya ba. Ni yanzu abin da nake nema injin daddatsa ciyawa ne mai amfani da fetur, don datsa da adda ya fara fin ƙarfin yaran, in akwai wanda ya san maƙerin da ke haɗa mai ƙwari a cikin Gombe dan Allah ya yi min kwatance.