Sharhi: Mayar da bilanda a wani shagon intanet na Legas

Shagon kayan kicin ne, suna sayarwa ta shafinsu da Instagram. Ba zan kama sunansu ba tunda akwai inda zan soke su. Bilanda na saya. A shafin an rubuta cewa da wuta mai ƙarfin 220 take aiki, amma da kwalin ya iso Kano sai na ga 110 a takardar da ke manne a gindinta, irin wadda ake ƙerawa don kasuwar Amurka. Wutar gidajenmu 230 ce. Da an jona ta, da tuni ta ƙone, kuma ni za a ɗora wa laifin.

Wajen karɓar ƙorafi kam sun burge ni. Na tura musu saƙo ta WhatsApp, wata ma'aikaciya ta amsa a ranar. Lambar oda ta nema, da hoton takardar, da bidiyon kwalin ciki da waje. Ba ta tsaya jayayya ba, ta ce daga rumbun ajiyarsu aka samu kuskuren, ta ba ni zaɓi: ko a canza mini, ko a mayar mini da kuɗina. Duk wanda ya saba karɓar rasit mai ɗauke da gargaɗin cewa kayan da ya fita ba ya dawowa ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai ban ɗauke shi alfarma ba. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda FCCPC, hukumar tarayya mai kula da haƙƙin masu saye, ke aiki da ita, ta ba mai saye damar mayar da kayan da bai samu dubawa ba kafin a kawo, in ya saɓa wa yadda aka siffanta shi. Malamanmu ma sun daɗe suna karantar da cewa mai saye yana da zaɓi idan ya tarar da aibun da ba a bayyana masa ba.

Daga nan ne aka fara shan wuya. Ba su da wurin karɓar kaya a Kano, kuma ɗan aikensu ba ya wuce Legas. Ni na sake naɗe kwalin, na shiga Adaidaita Sahu zuwa kamfanin jigila, na biya kuɗin aikawa daga aljihuna bisa alƙawarin za a biya ni. An biya ɗin, amma a asusuna na cikin shafinsu aka zuba, wanda ba a iya cire ko sisi daga ciki sai dai a sake sayayya a wurinsu. Kuskure nasu, kuɗi nawa, sannan a ɗaure mini shi a shagonsu? Wannan wayo ne, kuma ba a faɗa mini ba sai bayan kaya ya tafi.

Canji na zaɓa, don ma'aikaciyar da kanta ta ce mayar da kuɗi banki ya fi jan lokaci: sai kaya ya isa, an duba, an miƙa wa sashen kuɗi. Sabuwar ta zo daidai, tana markaɗa kayan miya lukui.

Ƙa'idojin mayar da kayan suna can ƙasan shafi da ƙananan baƙaƙe, da Turanci kaɗai. Daga ciki har da sharaɗin kaya ya koma a kwalinsa na asali, ba a yi amfani da shi ba. Mai yage kwali ya jefar da zarar kaya ya iso, ya yi hattara. Ƙaramin abu zan iya sake saye a wurinsu, amma firji ko injin wanki sai ranar da suka buɗe wurin karɓar kaya a Arewa.