Sharhi: Wata Uku da Agogon GPS Mai Auna Gudu

Wata uku ke nan ina ɗaura agogon nan mai GPS, wato fasahar gano inda mutum yake ta hanyar taurarin ɗan'adam, a tsintsiyar hannu duk lokacin da na fita sassarfa, kuma da yake fiziks nake koyarwa, abin da na fi sa wa ido shi ne yadda yake fitar da matsakaicin sauri, wato dukan nisan da aka ci a raba shi da dukan lokacin da aka ɗauka.

A nan agogon ya burge ni matuƙa. Wata safiya na yi kilomita 3 ina gudun kilomita 12 a awa, sannan na dawo ta hanyar da na bi ina tafiyar kilomita 6 a awa. Na riga na yanke a raina cewa matsakaicin 9 ne, sai na ɗaga hannu na ga 8 a fuskar agogon. Shi ne mai gaskiya, domin zuwa ya ci minti 15, dawowa kuwa minti 30, kilomita 6 ke nan cikin minti 45, kuma sashen da aka yi a hankali ya fi nauyi a lissafin tunda shi ya cinye yawancin lokacin. Da wannan misali nake buɗe darasin yanzu, ɗalibai kuma suna kama shi nan da nan.

Kuskurensa kaɗan ne. A filin tsere mai mita 400 na yi zagaye 10 cikin minti 24, ya rubuta mini ƙarin mita kusan 60, abin da ba zan ɗora masa laifi ba idan aka tuna cewa saƙon da yake gano wuri da shi yana zuwa ne daga taurarin ɗan'adam da ke nisan kilomita 20,200 a sama.

Inda ya gaza shi ne felositi, wato saurin da ke la'akari da alƙibla, wanda ake samu ta raba miƙaƙƙiyar tazarar da ke tsakanin mafari da matsaya da lokaci. Bayan zagayen nan 10 na tsaya daidai inda na fara, don haka matsakaicin felositina sifili ne, alhali shi agogon, saurin kilomita 10 a awa kawai ya sani. Mai motsa jiki ba zai damu ba, amma mai ratsa daji ko mai tuƙa jirgin ruwa, wanda ke son sanin yadda yake kusantar inda ya nufa, wannan adadin ne yake buƙata. Agogon yana riƙe da wurin da na tashi da wurin da nake, saboda haka ƙara shi ba zai yi wa masu ƙera shi wuya ba, kuma ina fatan su yi hakan.